Rigimar Wasan Barlesk a Amurka: Masu Sharhi da Ayarin Lydia Thompson

Barlesk wani nau'in wasan dandali ne da ya yi tashe a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19. Akan ɗauko labari mai daraja a idon masu ilimi, kamar tatsuniyoyin gumakan Girkawa, ko wasan Shakespeare, ko wata opera da ake ji da ita, a juya shi ya koma abin dariya. Maganganun cikinsa baitoci ne masu amsa-amo, cike da wasa da kalmomi da habaici ga manyan gari. Makaɗa na zaune a gaban dandali, ana rawa, ana ɗora sababbin baitoci a kan karin waƙoƙin da kowa ya riga ya haddace. A al'adar wasan, mace ce ke fitowa a matsayin saurayin labarin, ƙato kuma ya sa kayan mata ya fito a matsayin gyatuma. Wannan wasa ne ya haddasa babbar rigima tsakanin masu sharhi a jaridun Amurka da masu wasa, rigimar da ta faro da yabo a 1868, ta kai ga bulala a bakin titi a 1870. Tambayar da ta tayar tana nan a duk inda ake rawa da waƙa a gaban jama'a: ina iyakar haƙƙin mai sharhi, kuma wace hujja ce ke hannun wanda ya ƙi yarda da hukuncinsa?

Wadda ƙurar ta tashi a kanta ita ce Lydia Thompson, haifaffiyar Landan a 1838. Tun tana yarinya ta shiga rawa, ta zagaya ƙasashen Turai a shekarun 1850, ta dawo gida ta zama tauraruwar barlesk. A 1868 ta ƙetara teku zuwa birnin Niu Yok tare da manajanta Alexander Henderson, wanda kuma ya aure ta, da 'yan wasa kaɗan, cikinsu har da Pauline Markham da Lisa Weber da Ada Harland da ɗan barkwanci Harry Beckett. Jama'a suka laƙaba musu 'yan matan Ingila masu gashin zinare. Ran 28 ga Satumba suka buɗe a gidan wasan George Wood da ke titin Broadway da wasan Ixion, wanda F. C. Burnand ya rubuta a 1863, mutumin da daga baya ya zama editan mujallar barkwanci ta Punch. A tatsuniyar Girkawa, Ixion sarki ne da babban gunkinsu ya gayyato shi fadarsa ta sama, shi kuwa ya saka alheri da neman matar mai gida, aka ɗaure shi a jikin ƙafar karusa mai juyawa har abada. Thompson ce ta fito a Ixion, Markham a Venus, Weber a Mercury, Harland a Jupiter, Beckett kuma a Minerva, gunkiyar hikima.

Shigar da matan suka yi ita ta fara ɗaukar ido: gajeriyar riga da ta tsaya a cinya, da wata doguwar safa mai manne jiki, mai launin fata, wadda ta rufe daga ƙugu har tafin ƙafa. Babu wadda ta tuɓe a dandali. Rawar tuɓe kaya da ake danganta wa barlesk sai bayan shekara hamsin da wani abu ta shigo. Amma a zamanin da matar kirki a Amurka ke fita cikin siket hawa-hawa yana sharar ƙasa, ganin siffar ƙafar mace a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka, a makonnin farko jaridun Niu Yok yabo suka yi. Gidan ya riƙa cika maƙil, kuma masu zuwa ba 'yan zaman kashe wando ba ne, akwai 'yan kasuwa da ma'aikata tare da matansu. A Fabrairun 1869 ayarin ya koma Niblo's Garden, gidan da ya fi na Wood girma da martaba, da wasan Ali Baba da ɓarayi arba'in, daga baya kuma na Sinbad, labaran da mai karatun Hausa ya sani a Dare Dubu da Ɗaya. Kuɗin da aka fi ambata cewa ayarin ya tara a zangonsa na farko ya kai dala 370,000. Masu gidajen wasa suka hango kasuwa, ayarori masu kwaikwayo suka ɓarke ko'ina, 'yan mata suka shiga rina gashi. Daga nan labari ya sha bamban: jaridun da suka yi yabo a Oktoba, kafin Mayu sun yi wa ayarin ca da suka.

Sukar ba iri ɗaya ba ce, kuma duk wanda ya zuba ta a kwando guda ba zai iya auna ta ba. Ɗaya daga cikinsu ta fasaha ce. Aka ce wasan ba shi da labarin da ke da kai da gindi, barkwancinsa lanƙwasa kalmomi ne na ƙarfi da yaji, kiɗansa kuma aro ne daga opera da waƙoƙin titi, ga shi yana korar wasanni masu nauyi daga manyan gidaje. William Dean Howells, wanda a lokacin mataimakin edita ne a mujallar Atlantic Monthly, ya zurfafa fiye da haka a sharhin da ya buga a Mayun 1869, bayan ya kalli irin wannan wasa a Bostan. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne matan da ke fitowa a matsayin maza. A ganinsa ba su zama maza ba, ba su kuma tsaya a mata ba, sun koma wani jinsi dabam da ke yi wa duka biyun ba'a, kuma kyawunsu haɗe da rashin jin nauyin kowa tsoro ya ba shi maimakon nishaɗi.

Olive Logan ta fito ta wata ƙofa. Ita 'yar gidan wasa ce gaba da baya, mahaifinta ɗan wasa, ita ma ta yi shekaru a dandali kafin ta koma rubutu da lacca kan 'yancin mata. A Mayun 1869 ta tayar da maganar a taron ƙungiyar masu neman daidaiton 'yanci a Niu Yok, a daidai watan da Elizabeth Cady Stanton da Susan B. Anthony suka kafa ƙungiyarsu ta neman wa mata ƙuri'a, sannan ta faɗaɗa ta a rubuce a mujallar Packard's Monthly. Damuwarta abincin 'yan wasa mata ne. Wasan kwaikwayo na cikin 'yan tsirarun sana'o'in da mace a Amurka ke iya samun albashi kamar na namiji, kuma an sha wuya kafin a goge wa 'yar wasa tabon da ke jikinta na cewa ba ta da maraba da karuwa. Logan ta zana yadda ganawa da manaja ta koma. Yarinya ta zo neman aiki, ba wanda ya tambaye ta wane wasa ta haddace ko shekara nawa ta yi tana gyara furuci. Abin da ake tambaya shi ne ko gashinta rinanne ne, ko ƙafafunta da hannayenta sun isa nunawa, ko ta iya rawar kankan da waƙar batsa, ko ta yarda ta fito da iyakar suturar da doka ta tilasta. Wadda ta amsa da i ta sami aiki. Wadda ta ce a'a ta koma gida, ko da ta fi kowa iya wasa.

Fitaccen wanda ya ƙi yarda da wannan hukunci shi ne Richard Grant White, masanin Shakespeare da ake jin maganarsa kan harshen Ingilishi. A mujallar Galaxy ta Agustan 1869 ya ce ya je da ƙafarsa ya gani. 'Yan kallon da ya tarar mutanen kirki ne, irin waɗanda ake gani a kowane wasa mai mutunci, mata da yawa a cikinsu. Ya yaba tsabtar furucin matan, musamman muryar Markham, har ya ga ya kamata Amurkawa su koyi faɗin Ingilishi daga bakinsu. Ya kuma ɗauki barlesk a matsayin 'ya'yan zamaninsa: mutanen da suka daina ɗaukar jarumtakar da da muhimmanci, dole su nemi wasan da zai yi mata dariya. Ita ma Thompson ba ta yi shiru ba, ta riƙa aika wa jaridu wasiƙu tana kare ayarinta.

A batun fasaha, masu adawa da masu sharhin ne ke da rinjaye, musamman a zancen kiɗa. Zargin aro ya nuna mai sharhin bai gane yadda wasan ke aiki ba. Dariyar tana zuwa ne a lokacin da kunne ya ji karin da ya sani, ya shirya jin baitin soyayya ko na jarumta, sai ya ji zancen siyasar unguwa ko tsadar kaya. Da karin sabo ne, da babu abin da za a yi wa dariya. Haka 'yan kama ke yi a ƙasar Hausa idan suka ɗauki waƙar babban mawaƙi suka mayar da ita zancen tuwo da miya, kuma wanda ya tuhume su da satar kiɗa bai san sana'arsu ba. Haka nan rashin labari mai tsari: wasan da aikinsa shi ne wargaza labari mai tsari ba a kama shi da laifin wargazawa. Tambayoyin da suka dace da irin wannan wasa su ne ko habaicin ya sami wanda aka jefa, ko sababbin baitocin sun zauna daram a kan karin, ko makaɗa da masu rawa sun tafi tare, ko muryar ta kai kujerun baya. Yawancin sharhin 1869 bai tsaya kan waɗannan ba, kuma mai karatun da ke son sanin ko Thompson ta iya aikinta bai ƙaru da komai ba daga gare shi.

Sai dai wannan nasara tana da iyaka, kuma Howells ne ya nuna iyakar. Magoya bayan wasan sukan ce ai abin da ya bayyana a matsayin aibi shi ne ainihin abin da wasan ya nufa, wato rikita iyakar da ke tsakanin shigar maza da ta mata don a yi wa girman kan maza dariya, saboda haka tsoron da ya ji shaida ce cewa wasan ya ci nasara. Wannan gaskiya ne, amma bai kashe bakin Howells ba. Wasa ya cimma manufarsa abu ɗaya ne, manufar ta zama mai kyau kuma wani abu ne dabam, kuma mai sharhi na da cikakken haƙƙi ya yi magana a kan na biyun. Howells ya faɗi abin da ya gani a dandali daidai, ya faɗi yadda ya ji, bai taɓa mutuncin kowa a gidanta ba. Ana iya saɓa masa, kuma White ya saɓa masa, amma saɓani ne tsakanin mutum biyu da suka kalli abu ɗaya kowa ya yi masa fassara gwargwadon tarbiyyarsa. Sharhi irin wannan yana da amfani ko ga wanda bai yarda da shi ba, domin ya ba shi abin da zai kama ya yi gardama.

Hujja mafi kaifi a hannun magoya bayan Thompson ita ce ta tufka da warwarar jaridu. Salon wasan da aka yaba a gidan Wood bai canza kamanni ba da ya koma Niblo's Garden. Uwa uba, a wannan dandalin na Niblo's ne aka buɗe The Black Crook a Satumban 1866, wasan da aka yi fiye da sau 470 a jere, cike da 'yan rawa daga Turai sanye da irin wannan safa mai manne jiki. Wasu limaman coci sun yi wa'azi a kansa, amma manyan gari sun ci gaba da zuwa, jaridu kuma ba su yi masa taron dangi kamar yadda suka yi wa Thompson ba. To me ya bambanta su? Masanin tarihi Robert C. Allen, a littafinsa na 1991, ya ba da amsar da ta fi gamsarwa: 'yan rawan 1866 shiru suke yi, ana kallonsu kamar zane, matan 1868 kuwa magana suke yi. Suna duban 'yan kallo ido cikin ido, suna kashe musu ido, suna amfani da karin maganar titi, suna zolayar masu mulki, kuma mace ce ke jagorantar ayarin tana karɓar kuɗinta. Idan haka ne, abin da ya fusata wasu editoci ya wuce tsawon riga.

Akwai kuma ƙyamar baƙo a cikin lamarin. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, kuma a 1869 dangantaka da Ingila ta yi tsami kan diyyar ɓarnar da jirgin yaƙi Alabama, wanda aka ƙera a Ingila, ya yi wa jiragen jihohin arewacin ƙasar a lokacin yaƙin. A Afrilun shekarar majalisar dattawan Amurka ta yi watsi da yarjejeniyar sulhun da aka tsara. A irin wannan yanayi, nanata cewa matan Ingila ne suka zo kwashe dalar Amurka abu ne mai saurin shiga kunne, kuma masu suka sun nanata shi.

Amma fa duk wannan bai wanke wasan ba. Iyakar abin da ya tabbatar shi ne wasu masu sukar ba su faɗi ainihin dalilinsu ba. Wanda ya ƙi The Black Crook a 1866 ya kuma ƙi Ixion a 1868, don yana ganin nuna jikin mace a kan kuɗi ya saɓa wa kunya ko da tana magana ko tana shiru, wannan hujja ba ta taɓa shi ko kaɗan. Haka kuma ba laifi ba ne mai sharhi ya sake ra'ayi bayan ya ga abin da wasa ya haifar a gari. Abin da ake binsa shi ne ya fito fili ya ce ya sake, ya faɗi dalili, ya kuma raba tsakanin gwanaye da masu kwaikwayonsu, maimakon ya shafa wa kowa kashin kaji ɗaya.

Hujjar da ta fi kowacce rauni ita ce ta cikar gida, ko da yake ita aka fi maimaitawa. Cewa dubban mutane sun biya kuɗi sun shiga shaida ce ta kasuwa, kuma da yawan tikiti ne ma'aunin kyau da babu buƙatar mai sharhi tun farko, mai sayar da tikiti ya wadatar. Inda shaidar White ta yi aiki wuri ne ƙunƙuntacce amma muhimmi. Masu suka sun riƙa nuna cewa mazan banza ne kaɗai ke cika kujerun. Wannan magana ce da ake iya dubawa da ido, kuma wanda ya duba ya tarar ba haka ba ne. Mai sharhi na iya tsayawa kan ɗanɗanonsa ko duk gari sun saɓa masa, amma ba shi da ikon sauya abin da ya faru a zauren don ya ƙarfafa hukuncinsa.

Maganar Logan ce ba a taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba. An ce mata ai Thompson mace ce mai cin gashin kanta, ta mallaki sana'arta, ta tara dukiyar da 'yan mata kaɗan ne a zamanin suka taɓa mafarkinta, don haka mai fafutukar 'yancin mata ya kamata ta yi murna. Wannan amsa ta tsaya kan tauraruwa, Logan kuwa zancen yarinyar layin baya take yi, wadda ba ta da suna a allon talla, ba ta da manaja miji, ba ta da ikon cewa a'a. 'Yancin da mace ɗaya ta samu na zaɓar wannan shiga ya zama sharaɗin aiki ga ɗaruruwa. Inda Logan ta yi kuskure shi ne kaifin harshenta ya fi sauka kan matan da kansu, ta siffanta su da tsirara alhali ba tsirara suke ba, ta kuma musanta musu kowace irin ƙwarewa alhali wasu cikinsu sun yi shekaru suna koyon rawa da waƙa. Masu gidajen wasa, waɗanda su ne ke yin tambayoyin da ta lissafa kuma su ke kwashe riba mafi tsoka, ba su sha rabin abin da matan suka sha ba, a wurinta ko a wurin jaridu.

A Shikago ne rigimar ta bar fagen sharhi baki ɗaya. Wilbur F. Storey, mai jaridar Chicago Times tun 1861, mutum ne da ya yi suna wajen zafin alƙalami da kanun labarai masu tayar da hankali. A Yunin 1863 Janar Ambrose Burnside ya rufe jaridarsa kan sukar yaƙi, sai da Shugaba Lincoln ya soke umarnin. Da ayarin Thompson ya zo wasa a Crosby's Opera House, Storey ya shiga buga rubuce-rubuce a kansu ba ƙaƙƙautawa, kuma bai tsaya ga rawa ko riga ba, ya kwatanta matan da karuwai. Thompson ta mayar da martani daga kan dandali da kuma takardun da aka manna a gari, inda ta kira shi maƙaryaci matsoraci. Ran 24 ga Fabrairun 1870, ita da Markham da Henderson suka tare shi kusa da gidansa a titin Wabash, matan suka zabga masa bulalar doki. Aka kama su, kotu ta ci ta tarar dala 100. Ta shaida wa manema labarai cewa cin mutuncin da aka dinga yi mata ne ya toshe mata kowace hanya sai wannan. Labarin ya zagaye ƙasar, ya kuma ƙara wa ayarin kasuwa.

A nan hukunci bai da wuya, ko da yake ya faɗa kan ɓangarorin biyu. Abin da Storey ya rubuta ƙazafi ne. Tikitin da ya saya ya ba shi damar faɗin duk abin da ya ga dama kan abin da aka yi a dandali, har ya nemi hukuma ta rufe gidan in yana ganin haka ya dace. Bai ba shi damar yanke hukunci kan abin da mace ke yi a ɗakinta ba, abin da bai gani ba kuma bai kawo shaida a kai ba. Mai karatun da ya tashi cikin tarbiyyar Musulunci ya san nauyin wannan: jifan mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba laifi ne mai zaman kansa, hukuncinsa bulala 80, kuma shigar da ta yi ko sana'ar da take yi ba sa sauke wa mai zargin wannan sharaɗi. Mutum na iya ƙin wasan ƙememe, yana ganin ya saɓa wa kunya, ya kuma ƙi ƙazafin da aka yi wa masu yinsa, babu karo tsakanin biyun. Amma wannan shari'ar da ta tsananta kan ƙazafi alƙali ta ba wa bulalar, ba wanda aka zalunta ba. Thompson ta ɗauki doka a hannunta, ta kuma buɗe ƙofar da ba ta da kyau ga kowa, domin in dukan edita ya zama amsar rubutu, Howells da Logan ma ba su tsira ba, kuma attajirin da ya fi kowa ƙarti shi zai riƙa samun yabo a jarida.

Abin da ya biyo baya kowane ɓangare na kafa hujja da shi. Thompson ta zauna a Amurka kusan shekara shida kafin ta koma Ingila a 1874, ta rasu a 1908. Amma barlesk ɗin da ta bari ya sauya hannu. Tun daga 1870 Michael Leavitt ya kafa ayarin mata da ya haɗa wannan salo da na wasannin barkwancin Amurka, kuma sannu a hankali wasan ya fice daga manyan gidaje ya koma na mazan leburori. Baitoci da habaicin da ke bakin mata suka yi ta raguwa, barkwanci ya koma hannun maza, aikin mace ya koma nuna jiki. Zuwa shekarun 1920 da 1930, a gidajen 'yan'uwan Minsky da ire-irensu a Niu Yok, rawar tuɓe kaya ta zama ginshiƙin wasan. Masu bin Logan na cewa ga abin da ta hango nan tun 1869. Masu bin White na cewa masu sukar ne suka jawo shi da bakinsu: da suka yi ta shelar cewa matar kirki ba ta shiga wannan zaure, matan kirki suka daina shiga, aka bar manaja da 'yan kallon da abu ɗaya ya kawo su. Suna ƙarawa da cewa ko a lalacewarsa, wannan dandali ne ya horar da manyan 'yan barkwancin Amurka irin su Fanny Brice da Bert Lahr da Bud Abbott da Lou Costello.

Duka bayanan biyu na da ƙamshin gaskiya, amma na Logan ya fi nauyi, domin ita ta gano injin da ke tura lamarin, wato manajan da ya fahimci cewa ɗaukar yarinya mai kyan ƙafa ya fi sauƙi da araha a kan neman marubuci mai kaifin habaici da mawaƙiya mai murya. Wannan lissafi zai yi aikinsa ko da jaridu sun yi shiru. Laifin jaridun shi ne sun hanzarta shi, kuma sun ɓata ƙarfinsu wajen zagin matan da ke dandali, suka ƙyale tambayar albashi da sharuɗɗan ɗaukar aiki da wanda ke cin riba, wadda ita ce kaɗai za ta iya canza wani abu. A Mayun 1937, a zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, kwamishinan lasisi Paul Moss ya ƙi sabunta lasisin gidajen barlesk 14 na Niu Yok. Wasu sun sake buɗewa bisa sharaɗin ba za su rubuta sunan barlesk ko na Minsky a allonsu ba, kafin a rufe ragowar a 1942. Waɗanda suka fara rasa abinci a duka lokutan biyu su ne 'yan matan layin baya da makaɗa da masu jan labule.